Hotonka ya samu kallo miliyan ɗaya a Google Maps, toh waye ya kalla?

Duk wanda ya taɓa ɗora hoto a Google Maps, ko da hoton farantin shinkafa ne a wani gidan abinci ko ƙofar wani asibiti, ya san saƙon nan da suke turowa ta imel ko ya faɗo a saman waya, wai hotunanka sun samu kallo dubu 10, an kwana biyu wai dubu 50, wani ma har miliyan. Mutumin da bai taɓa haɗa laik ɗari biyu a Facebook ba yau gashi ana ce masa dubban ɗaruruwa sun ga hotonsa, ai dole kai ya kumbura, sai sikirinshot sai sitatus. Lambar ba ƙarya bace, Google basu ƙirƙire ta ba, amma abun da take ƙirgawa daban yake da abun da yawancin mutane suke zato, kuma idan kana cikin masu bibiyarta kullum safe da yamma gara ka san me kake bibiya.

Wurin da ake ganinta ba ɓoyayye bane. Ka buɗe manhajar, ka danna inda aka rubuta Contribute a ƙasa, ka shiga firofayil ɗinka, zaka tarar da hotunanka a jere kowanne da ƴar alamar ido da lamba a gefenta, sannan akwai jimillar duka gaba ɗaya, kuma zaka iya jera su ko dai bisa ranar da ka ɗora ko bisa wanda yafi yawan kallo. Shikenan abun da suke baka. Babu jadawalin da zai nuna maka jiya nawa ne yau nawa ne, babu daga wace ƙasa aka kalla, babu ko mutum ya tsaya akan hoton ko wucewa kawai yayi. Ka kwatanta da YouTube inda mai tasha yake ganin har daƙiƙar da mutane suka gaji suka fita daga bidiyonsa, zaka gane cewa a nan lamba ɗaya tal aka miƙo maka, mai hawa sama kawai, ba bayani.

Abun ya samo asali tun kafin Local Guides, wato shirin Google na masu ɗora hotuna da ra'ayoyi a taswira don sa kai. A 2005, shekarar da Google Maps ɗin kansa ya fito, wasu matasa biyu ƴan Sifaniya suka buɗe wani shafi mai suna Panoramio, inda masu ɗaukar hoto suke ɗora hotunan wurare kowanne a daidai inda aka ɗauke shi akan taswira, Google ta saye shi a 2007, waɗanda suka yi wasa da Google Earth a shagunan intanet na wancan lokacin zasu tuna ƴan ɗige-ɗigen nan da idan ka danna sai hoto ya buɗe, toh daga can suke zuwa. Tun a can mutane suka kamu da son ƙirgen kallo. Da Google tace zata rufe shi a 2014 har waɗanda suka kafa shi sai da suka fito da takardar koke ana sa hannu, aka ɗan jinkirta, amma a Nuwamban 2016 aka rufe shi dai. Kafin nan a 2015 an riga an ƙaddamar da Local Guides, wanda shine tsarin da ake kai har yau, kuma shi ba ruwansa da ko kai gwanin kyamara ne, abun da yake so kawai ka ɗauko masa gaban shago da jerin abinci da farashi da wurin ajiye mota.

Tsarin nasu na maki ne. Hoto ɗaya maki 5, bidiyo 7, rubuta ra'ayi akan wuri 10, idan rubutun ya wuce haruffa 200 a ƙara maka wasu 10, saka sabon wurin da babu shi a taswira 15, bada tauraro kawai ba rubutu maki 1. Matakai goma ne, a mataki na 4 wato maki 250 ake liƙa maka ƴar tauraruwar nan a jikin hoton firofayil, mataki na 10 kuwa sai ka tara maki 100,000, wanda in da hoto kaɗai zaka yi shi sai ka ɗora hotuna 20,000. Ka lura da wani abu a lissafin nan, babu kallo a ciki. Hoton da ya samu kallo 12 da wanda ya samu miliyan 3 duk maki biyar-biyar ne. Inda kallo yake shigowa kawai shine wajen bajon masu ɗaukar hoto, wanda babban cikinsu sai jimillar kallonka ta kai miliyan 1 tare da wasu sharuɗɗan na yawan hotuna da yawan wurare. Bayan wannan bajon lambar bata buɗe maka komai.

Toh me ake nufi da kallo ɗaya? Nan ne gizo yake saƙar. Kowane kamfani da irin mudunsa. Facebook a baya sun daɗe suna ƙirga bidiyo a matsayin an kalla idan ya yi daƙiƙa 3, TikTok da zarar ya fara motsi an ƙirga, Twitter (wanda yanzu ake kira X) da suka fara nuna lambar kallo a ƙarƙashin kowane rubutu a Disamban 2022 su ko giftawa yayi ta sikirin ɗinka ya shiga lissafi. Google basu taɓa fitowa sun zayyana ƙa'idar tasu dalla-dalla akan hotunan taswira ba, amma yadda lambobin suke tafiya ya isa ya nuna maka cewa irin ta giftawa ce, wato sau nawa aka nuno hoton, ba mutum nawa suka buɗe shi ba. Ga yadda abun yake a aikace. Wani ya sauka a Kano yana neman otal, ya rubuta a waya, jerin otal-otal ya fito kowanne da ɗan ƙaramin hoto a gefe, yana ja da yatsa yana wucewa idonsa na kan farashi da taurari, bai ma san launin ginin da ke hoton ba, amma an nuno shi. Gobe ya dawo ya sake nema, an sake nunowa. Mutum ɗaya zai iya zama kallo goma. Kuma ba a cikin manhajar taswira kaɗai hotunan suke fitowa ba, idan ka nemi sunan wuri a Google na bincike akwatin nan da yake fitowa da adireshi da lambar waya da lokacin buɗewa, hotunan da ke samansa daga rumbu ɗaya aka ɗebo su.

Idan ka fahimci wannan sauran duk mai sauƙi ne. Abu biyu ne suke yanke yawan kallon hoto, kuma kyawunsa baya cikinsu kai tsaye. Na farko mutum nawa ne suke neman wurin, na biyu a ina hotonka ya zauna cikin jerin hotunan wurin. Kamar mai shayi ne, wanda ya samu bakin ƙofar tasha da wanda yake can cikin lungu, na bakin tasha ko shayinsa ruwa-ruwa ne zai fi ganin jama'a. Hoton da na'urar Google ta zaɓa ya zama fuskar wuri, wanda yake fara bayyana da an taɓa sunan wurin, shi yake kwashe kusan komai, na biyu da na uku su samu ɗan abun da ya samu, wanda yake na tamanin kuwa sai mai haƙurin da ya zauna yana jan hotuna ɗaya bayan ɗaya, kuma su ƴan kaɗan ne. Shi yasa duk wanda ya jera hotunansa bisa yawan kallo zai ga abu iri ɗaya, hotuna biyar ko goma na sama sune suka ɗauke mafi yawan jimillar, sauran ɗaruruwan suna ƙasa da ƴan lambobinsu. Kuma abun haushin, sau da yawa wanda yake saman ba shine wanda ka wahala akansa ba. Ka hau Dutsen Dala da yamma ka jira rana ta sunkuya ka ɗauko birnin gaba ɗaya, ya tsaya a ɗari bakwai, amma hoton allon wani gidan mai da ka ɗauka ta tagar adaidaita sahu ya wuce dubu ɗari biyu, saboda kullum akwai masu neman gidan mai kuma babu wanda ya ɗora wani hoton sai kai.

Wannan ne ma yasa alhazai da masu zuwa Umara suke dawowa da lambobi masu ban tsoro. Wanda ya ɗora hoton wani otal ko kantin cin abinci kusa da Harami ya saka shi ne a gaban mutanen Indonisiya da Pakistan da Turkiyya da Masar da duk wanda yake shirin tafiya, ba ƴan unguwarsu kaɗai ba. Haka filin jirgin sama, haka tashar jirgin ƙasa irin ta Rigasa ko ta Idu, haka manyan asibitoci da jami'o'i. Sannan akwai lokaci, cibiyar rubuta jarrabawar JAMB zata iya yin shiru wata da watanni, amma da an fitar da takardar da ke nuna wa kowa cibiyarsa sai ɗalibai da iyayensu su yi ca akan taswira suna neman inda take, wanda hotonsa yake fuskar wurin a makon zai ga lambarsa ta yi tsalle ba tare da ya yi komai ba. Sansanin masu bautar ƙasa haka, wuraren shaƙatawa lokacin sallah haka.

Wa yake zaɓar hoton fuska? Na'ura ce, kuma tana canza ra'ayi. Mai kasuwancin da ya yi rajistar wurinsa zai iya nuna hoton da yake so, amma Google da kansu sun faɗa cewa ba dole bane shi za'a fara nunawa. Abubuwan da ake ganin suna taimakawa ba wasu ɓoyayyun sirrika bane, hoto mai haske wanda ba dishi-dishi ba, a kwance ba a tsaye ba, wanda ya nuna ainihin wurin da allon sunansa, ba selfi ba, ba hoton da aka cika da rubutu da fulawoyi ba. Yau kai ne a sama, wata mai zuwa wani ya zo da sabon hoto a sauke ka, lambarka da take ƙaruwa da dubu a rana ta koma goma. Bata ragu ba tunda jimilla ce, tsayawa tayi, kuma idan jimilla kaɗai kake kallo bazaka ma san an sauke ka ba.

Shi yasa masu bibiyar abun da gaske basa kallon jimilla, bambanci suke kallo. Tunda manhajar bata ajiye maka tarihi, kai zaka ajiye, ko a Excel ko Google Sheets ko ma littafi da biro. Ka ɗauki hotunanka goma ko ashirin na sama, ka rubuta sunan wurin da ranar da ka ɗora da lambar yau, sai ranar ɗaya ga wata mai zuwa ka sake rubutawa, ka ɗebe ta baya daga ta yanzu ka raba da yawan kwanakin. Misali hoto yana 40,000 bayan kwana talatin ya koma 40,900, kenan kallo 30 a rana, wani kuma yana 2,000 ya koma 8,000, shi 200 a rana yake samu. A jerin manhajar na farkon ne a sama da nisa, amma a zahiri shi ya riga ya yi ritaya, na biyun ne yake aiki. Ka ƙara layi ɗaya a gefe inda zaka rubuta matsayin hoton a ranar, fuska ne ko na uku ne ko ya nutse, nan da wata huɗu ko biyar zaka ga da idonka yadda layin matsayi da layin kallo suke tafiya tare. Dubawa kullum kuwa ɓata data ne kawai, saboda lambar bata sabuntawa nan take, takan yi kwanaki a tsaye cik sannan ta zabura lokaci guda, wani lokacin ma abun da waya ta nuna ya saɓa da na kwamfuta, ko jimillar sama ta ƙi daidaita da abun da zaka samu in ka haɗa na kowane hoto. Ba wani abun mamaki bane ga manyan shafuka, ko YouTube shekaru suka yi sabon bidiyo yana maƙalewa a 301 suna tantance kallon gaske da na bogi kafin su daina hakan a 2015.

Akwai kuma ranar da jimillar zata ragu, a nan ne hankalin mutane yake tashi. Yawanci dalilin ɗaya ne daga cikin ƴan abubuwa, ko kai ka goge wani hoto ya tafi da kallonsa, ko an cire wurin daga taswira gaba ɗaya, ko an haɗe wurare biyu da aka gano abu ɗaya ne, ko kuma na'urar tace hotuna ta ɓoye naka. Tacewar nan ba ƙarama bace, Google sun ce a 2022 kaɗai sun toshe ko sun cire hotuna sama da miliyan 200 da bidiyo miliyan 7, wasu don rashin kyau wasu don karya doka, har da na ƴan damfara da suke rubuta lambar wayar bogi a jikin hoto don mai neman wurin ya kira su a madadin masu wurin na gaskiya. Na'urar da take aiki da irin wannan yawan dole ta haɗa da wanda bai ji ba bai gani ba. Abun da ke ruɗa mutane shine hoton da aka ɓoye kai kana iya ci gaba da ganinsa a firofayil ɗinka, don haka in kaga sabon hoto ya yi makonni lambarsa bata motsa ba, ka karɓi wayar wani ko ka fita daga akawun ɗinka ka nemi wurin, in baka ganshi a can ba toh kai kaɗai kake kallon abunka. Ɗora hoto iri ɗaya sau biyar don tara maki, ko kwaso hoton wani daga intanet, suna cikin abubuwan da suke jawo haka, har akawun ma akan iya rasawa.

Masu shaguna su nasu ya ɗan bambanta. Da can wanda ya yi rajistar kasuwancinsa yana ganin jadawalin yawan kallon hotunan wurinsa har da kwatanci da makamantan kasuwancinsa, amma a farkon 2023 Google ta cire wannan ɓangaren, ta bar abubuwan da suka fi kusa da ciniki, mutum nawa suka danna kira, nawa suka nemi a nuna musu hanya, nawa suka shiga shafinka. Ni a ganina wannan kaɗai ya isa ya gaya maka matsayin lambar a wajen su kansu masu ita. Wanda suke so ya kashe kuɗin talla sun bashi lambobin da zai yi aiki dasu, wanda suke so ya ci gaba da kawo hoto kyauta sun bar masa mai daɗin kallo.

Domin maganar kuɗi babu ita, kar wani ya ruɗe ka. Ko kallo miliyan ɗari ka tara ba'a biyan ko sisi. A farkon shirin an ɗan yi rabon alheri, a ƙarshen 2015 duk wanda ya kai mataki na 4 ana bashi terabayit 1 na ajiya a Google Drive kyauta, a 2016 aka zaftare shi zuwa gigabayit 100, daga baya aka daina. Hoton dai naka ne a doka, amma da ka ɗora ka basu lasisin nuna shi a duk duniya ba tare da biyanka ba, har wasu manhajojin da suke jan bayanan wurare daga Google suna iya nuno shi da sunanka a ƙasa. Kamfanin da shugabansa Sundar Pichai yace a 2024 taswirarsu ta haura masu amfani biliyan 2 a wata, bazai iya aika ma'aikaci ya ɗauko hoton kowane kemis da kowane shagon ɗinki ba, mutane ne suke masa, kuma ladan da ya gano yana aiki shine ya riƙa gaya musu an gani. Ban ce zalunci bane, kowa da yardarsa ya shiga, nima ina amfana da hotunan wasu duk sanda aka turo min lokeshan ɗin wurin da ban sani ba, amma ya kamata mutum ya san cinikin da yake yi.

Wani abun da masu farautar lamba basa tunawa, firofayil ɗin nan a buɗe yake in ba kai ka rufe shi a saitin ba. Duk wanda ya danna sunanka a ƙarƙashin hoto zai ga sauran wuraren da ka ɗora, masallacin da kake sallah, makarantar yaranka, asibitin da kuke zuwa, gidan abincin da kake zama, ka zana masa taswirar rayuwarka da hannunka, kuma iya yawan kallon hotonka iya yawan baƙin da sunanka yake gittawa ta gabansu. Sannan motar Street View, wadda Google ke zagayawa da ita tana ɗaukar hotunan tituna, ita tana dusashe fuskokin mutane da lambobin mota da kanta, hoton da kai ka ɗauka a kasuwa kuwa yadda ka ɗora shi haka zai fita, da fuskar matar mutane da yaran mutane a ciki, gara ka jira su wuce ko ka yanke su.

A ɓangarenmu akwai wani abu da lambar take juyawa a baibai. Motar Street View ta fara da Legas a 2017, a 2019 aka ƙara Abuja da Benin da Inugu da Ibadan, kuma ko a garin da ta shiga manyan tituna take bi, bata shiga cikin Kasuwar Kurmi ko layukan Kantin Kwari, balle asibitin sha-ka-tafi na wani ƙauye a Jigawa ko tashar mota a wani gari tsakanin Maraɗi da Damagaram. Irin waɗannan wuraren da yawansu ko dai babu hoto ko ɗaya, ko kuma wanda yake akai tun shekaru bakwai ne, an canza fenti an canza ƙofa. In ka ɗora hoton irin wannan asibitin da allonsa da hanyar shigarsa, wataƙila a shekara ya samu kallo ɗari uku, a jerinka yana can ƙasa ƙarshe, amma ɗari ukun nan kusan duk mutanen da suka rubuta sunan wurin ne da gangan saboda zuwa zasu yi, wani da mara lafiya a bayan mota da daddare. Dubu ɗari biyun gidan man nan kuwa yawancinsu giftawa ce. Manhajar bata da hanyar nuna maka wannan bambancin, duk alamar ido ɗaya ce. In kana ajiye jadawalin da na faɗa, ka ware wa irin waɗannan shafinsu daban, kar ka haɗa su da na filin jirgi da na Makka, ka kuma rubuta ranar da ka ɗauki kowanne, saboda in an shekara biyu ko an sake allo sai ka koma ka ɗauko sabo.